Darasi na Tara: Bin Sawun Gurɓatar Ruwa a Ƙarƙashin Maƙabarta da Na'urorin Awon Ƙasa

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ɗalibi zai iya:

1. Bayyana yadda ruwa yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa, da yadda abin da ke fita daga kabari zai iya kaiwa ga rijiya.
2. Faɗin ma'anar turjiyar ƙasa da yadda ake auna ta.
3. Lissafa na'urori uku da ake amfani da su a wannan bincike, da aikin kowace.
4. Gane abubuwan da suke ruɗar na'ura, da dalilin da ya sa dole a gwada ruwa a ɗakin gwaji.
5. Faɗin tazarar da ta dace a bari tsakanin kabari da rijiya.

1. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa

Idan ruwan sama ya sauka, wani yakan kwarara zuwa rafi da kududdufi, wani rana ta shanye shi, wani kuma ya nutse cikin ƙasa. Wanda ya nutse yana bin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, har ya isa zurfin da kowace ƙofa ta cika maƙil. A nan ne mai haƙar rijiya yake fara cin karo da ruwa. Wannan mataki yana hawa da damina, ya kai ƙarshen hawansa wajen Agusta da Satumba, sannan ya riƙa sauka da rani. Shi ya sa igiyar gugan da ta isa ruwa da kaka takan gaza da bazara.

Ruwan nan ba a tsaye yake ba. Yana tafiya a hankali daga inda matakinsa ya fi tudu zuwa inda ya fi gangare. A cikin yumɓu da ƙyar yake motsi, a cikin yashi yana da ɗan sauri, a cikin tsakuwa da tsagar dutse kuma ya fi gudu. Duk abin da ya narke a cikinsa tare suke tafiya.

> Akwatin ma'ana
> Matakin ruwan ƙasa: zurfin da ƙasa ta cika da ruwa, wato inda ruwa yake tsayawa a cikin rijiya idan ba a ja ba.
> Ma'ajiyar ruwa: shimfiɗar yashi, tsakuwa ko dutse mai tsaga da ke riƙe ruwa har rijiya ta samu.

2. Abin da ke fita daga kabari

Fiye da rabin nauyin jikin ɗan Adam ruwa ne. Bayan an binne mamaci, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan warware jikin, sai wani ruwa mai kauri ya riƙa tsiyaya zuwa cikin ƙasa. Masu bincike a ƙasar Burazil, inda aka fi zurfafa nazarin wannan batu, sun ƙiyasta cewa kowane kilo na jiki yana ba da lita 0.4 zuwa 0.6 na wannan ruwa. Kimanin kashi 60 cikin 100 nasa ruwa ne zalla, kashi 30 gishirin ma'adinai, kashi 10 kuma ragowar abubuwan jiki.

Jiki mai kilo 70 yana ɗauke da kusan kilo 1.8 na sinadarin naitirojin, da kimanin giram 100 na sodiyam, da giram 95 na kulorin. Naitirojin yakan fita a matsayin amoniya, daga baya ya rikiɗe ya zama naitiret, wanda yake bin ruwa zuwa nesa. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta ƙiyasta cewa a yanayinsu mai sanyi jiki yakan ɗauki shekara 10 zuwa 12 kafin ya gama ruɓewa, kuma fiye da rabin abin da zai fita a shekarar farko yake fita. A ƙasa mai zafi abin ya fi sauri.

Yanayin binnewa ma yana da tasiri. Inda ake sa gawa a akwati mai fenti da ƙusoshi da hannuwan ƙarfe, ko ake yi mata allurar hana ruɓewa ta fomalin, ana iya samun ƙarafa masu nauyi da ragowar maganin a cikin ƙasa. A jana'izar Musulmi, da ake binnewa da likkafani kawai kuma a ranar rasuwa ko washegari, wannan ɓangare na matsalar bai cika tasowa ba. Saura gishiri da naitirojin da ƙwayoyin cuta.

> Akwatin ma'ana
> Ruwan ruɓewa: ruwan da ke tsiyaya daga jiki bayan binnewa.
> Harshen gurɓata: yankin ruwan ƙasa da ya gurɓace, wanda yake miƙewa daga tushensa ya bi gangaren ruwa, yana tsarma yayin da yake nisa.

*Misali na 1.* Mamaci mai kilo 70 zai ba da lita 70 × 0.4 = 28 a ƙalla, ko 70 × 0.6 = 42 a mafi yawa. Wannan ya ɗan haura jarka ɗaya mai lita 25, bai kai jarka biyu ba, kuma a hankali yake fita cikin watanni da shekaru. Kabari ɗaya ba abin damuwa ba ne. Inda ake lura shi ne maƙabartar da ake binne mutane da yawa kowace shekara a ƙaramin fili.

3. Ƙasa matata ce, amma tana da iyaka

Ƙasar da ke tsakanin gindin kabari da matakin ruwa tana aiki kamar matata. Ƙwayoyin yumɓu suna kama amoniya da ƙwayoyin cuta, iskar da ke cikin ƙasa da ƙananan halittunta suna cinye ragowar jiki, kuma yawancin ƙwayoyin cutar da ke rayuwa a jikin mutum ba sa daɗewa a wajensa. Idan wannan ƙasa tana da kauri, kuma ta haɗa yashi da yumɓu daidai wa daida, abin da zai isa ruwa kaɗan ne.

Matatar takan gaza a wurare huɗu: a fadama da kwari, inda ruwa yake kusa da sama, a yashi da tsakuwa, inda ruwa yake wucewa da sauri, a dutse mai tsaga da ƙasa ba ta rufe sosai ba, da kuma lokacin ambaliya. Bunƙasar gari tana ƙara wa abin nauyi. Maƙabartu da yawa a Kano da Zariya da Kaduna an kafa su ne a bayan gari, yau kuma gidaje sun kewaye su, kowane gida da rijiyarsa ko burtsatsensa. Birnin Faris na Faransa ya fuskanci irin wannan cunkoso, har aka rufe babbar maƙabartarsa ta tsakiyar gari a 1780, daga baya aka kwashe ƙasusuwan zuwa tsofaffin ramukan haƙar dutse a ƙarƙashin birnin.

*Misali na 2.* Wata rijiya tana da nisan mita 30 daga katangar maƙabarta. Idan ruwan ƙasa yana tafiyar santimita 10 a rana, zai isa rijiyar cikin kwana 300. Idan ta tsagar dutse yake bi yana tafiyar mita 1 a rana, kwana 30 ya ishe shi. A Ingila, yankin da aka fi tsananta tsaronsa a kewayen rijiyar shan jama'a shi ne wanda ruwa zai iya ratsawa cikin kwana 50. Da wannan ma'auni, a yanayi na farko rijiyar tana da sarari, a na biyu kuma tana cikin haɗari, alhali nisan ɗaya ne.

4. Awon ƙasa ba tare da tono ba

Maƙabarta wuri ne mai alfarma, ba a tona ta don bincike. Haƙa rijiyoyin gwaji barkatai a kewayenta kuma yana cin kuɗi, ga shi ana iya haƙa goma duk a kauce wa harshen gurɓatar. Saboda haka ake fara aiki da ilimin jiyofiziks, wato auna halayen ƙasa daga samanta da na'ura.

Wannan aiki ba baƙo ba ne. Duk wanda ya ga ana shirin haƙa rijiyar burtsatse ya ga ma'aikata suna jan dogayen wayoyi, suna kafa turakun ƙarfe, wani na zaune gaban ƙaramin akwati yana rubuta lambobi. Na'urar da ke neman ruwa ita ce ke bin sawun gurɓatarsa.

> Akwatin ma'ana
> Jiyofiziks: ilimin gano abin da ke cikin ƙasa ta hanyar auna lantarki, maganaɗisu, girgiza ko nauyi daga sama.
> Turjiya: yadda abu yake hana lantarki wucewa ta cikinsa. Ana auna turjiyar ƙasa da om-mita.

5. Hanyar auna turjiya

Ruwa mai tsabta ba ya barin lantarki ya wuce da sauƙi, amma da an narka gishiri ko kanwa a cikinsa sai hanya ta buɗe. Ana iya ganin haka da batirin tocila da ƙaramin ƙwan fitila: idan aka tsoma bakin wayoyi biyu a kofin ruwa, hasken yakan ƙaru bayan an zuba gishiri. Tunda ruwan ruɓewa yana da gishiri, ƙasar da ya jiƙa takan yi ƙarancin turjiya fiye da maƙwabciyarta.

Ga kimanin turjiyar wasu abubuwa:

| Abu | Turjiya a om-mita |
|---|---|
| Ruwan teku | kimanin 0.2 |
| Yumɓu mai laima | 1 zuwa 100 |
| Ruwan rijiya mai daɗi | 10 zuwa 100 |
| Busasshen yashi da marmara | ɗaruruwa zuwa dubbai |
| Dutsen giranit marar tsaga | sama da 1,000 |

Conrad Schlumberger ya fara gwada wannan hanya a Faransa a 1912, Frank Wenner kuma ya wallafa nasa tsarin a Amurka a 1915. Har yau sunayensu ake kiran tsarin jera turaku da su. A duka biyun turaku huɗu ake kafawa a layi ɗaya. Na gefe biyu suna tura lantarki cikin ƙasa, na tsakiya biyu suna auna ƙarfinsa. Gwargwadon yadda aka nesanta turakun gefe, gwargwadon zurfin da lantarki yake ratsawa. A tsarin Wenner tazarar da ke tsakanin turakun huɗu daidai take, kuma zurfin da awon ya fi shafa kusan rabin wannan tazara ne. A tsarin Schlumberger, wanda masu neman ruwan burtsatse suka fi amfani da shi, turakun gefe ake ta matsarwa waje daga wuri ɗaya don a san jerin shimfiɗun ƙasa daga sama zuwa ƙasa.

Na'urorin zamani suna ɗaukar turaku gommai a lokaci guda. Na'urar da kanta take zaɓen huɗu-huɗu tana aunawa, sannan kwamfuta ta haɗa sakamakon ta fitar da hoto mai launuka, kamar an yanka ƙasa an dube ta daga gefe. A al'ada shuɗi yana nuna ƙarancin turjiya, ja kuma yawanta.

*Misali na 3.* A tsarin Wenner ana samun turjiya ta haka: 2 × 3.14 × tazara × sakamakon raba bolt da amfiya. An kafa turaku da tazarar mita 5, aka tura amfiya 0.1. A gefen tudu na maƙabarta an karanta bolt 0.6, sai 0.6 ÷ 0.1 = 6, kuma 2 × 3.14 × 5 × 6 = om-mita 188. A gefen gangare an karanta bolt 0.08, sai 0.08 ÷ 0.1 = 0.8, kuma 2 × 3.14 × 5 × 0.8 = om-mita 25. Idan ƙasar wuraren biyu iri ɗaya ce, wannan faɗuwa alama ce ta ruwa mai gishiri a gefen gangare, kuma can ya kamata a nufa da gwajin ruwa.

6. Sauran na'urori biyu

*Na'urar maganaɗisun lantarki.* Wannan ba ta bukatar turaku. Tana da naɗin waya biyu: ɗaya yana haifar da maganaɗisu mai sauyawa, wanda yake tayar da ɗan lantarki a cikin ƙasa, ɗayan kuma yana auna amsar da ta dawo. Samfurin EM31 na kamfanin Geonics na Kanada sanda ce mai tsawon kusan mita 4 da mutum ɗaya yake rataye da ita yana tafiya, tana auna har zurfin kimanin mita 6. Amfaninta sauri, domin a yini ɗaya ana iya zagaye fili babba a fitar da taswirar wuraren da lantarki ya fi wucewa. Rauninta shi ne ƙarfe: shingen waya, kwanon rufi, bututu da wayar wutar lantarki duk suna ɓata mata lissafi.

*Rada mai ratsa ƙasa.* Ana tura ta kamar ƙaramin amalanke. Tana harba igiyoyin rediyo cikin ƙasa, tana sauraren waɗanda suka dawo daga iyakar shimfiɗu. A maƙabarta an fi amfani da mai megahaz 250 zuwa 500, wadda take gano gefen ramin tsohon kabari da ya shafe, wani lokaci har da matakin ruwa idan ƙasar yashi ce. Yumɓu da ruwa mai gishiri suna haɗiye igiyoyin, don haka inda hoton ya dushe kwatsam a cikin yashi, wannan ma abin lura ne.

7. Yadda ake tsara aikin

Ana farawa da neman izinin hukuma da masu unguwa da kwamitin kula da maƙabarta. Layukan awo ana jan su ne ta hanyoyin da ke tsakanin kaburbura da kuma bayan katanga, ba a kafa turke a kan kabari. Sai a bi wannan jeri:

1. A zana taswirar wurin, a sa alamar kowace rijiya, masai, juji da magudanar ruwa.
2. A auna matakin ruwa a rijiyoyi uku ko fiye don a san gangarensa.
3. A ja layi ɗaya a gefen tudu, nesa da kaburbura, don a san halin ƙasar wurin ta asali.
4. A ja layuka a ciki da kuma gefen gangare, wasu a tsaye wasu a gicciye.
5. A maimaita awon da rani da kuma ƙarshen damina.
6. A haƙa 'yan rijiyoyin sa ido inda hoton ya nuna, a ɗebi ruwa a kai ɗakin gwaji.

*Misali na 4.* Bakin rijiya ta farko yana kan tsayin mita 480 daga matakin teku, ruwanta yana zurfin mita 6, don haka matakin ruwanta 474 ne. Ta biyu tana kan 478, ruwa a mita 5, wato 473. Ta uku tana kan 476, ruwa a mita 4.5, wato 471.5. Ruwan yana gangarawa ne wajen rijiya ta uku. Idan maƙabarta tana tsakanin ta farko da ta uku, ruwan ta ukun za a fara gwadawa.

8. Abin da na'ura ba ta iya faɗa

Na'ura ba ta ganin ƙwayar cuta, ba ta kuma san sunan sinadari ba. Abin da take nunawa kawai shi ne inda lantarki ya sami sauƙin wucewa. Shimfiɗar yumɓu tana ba da launi ɗaya da harshen gurɓata. Haka ƙasa mai kanwa, da juji, da ramin rini, da gonar da aka zuba wa takin zamani. A ƙasar Kano da Zariya, dutsen giranit da ya ruɓe yakan bar yumɓu a samansa, kuma mai gaggawar fassara zai iya ɗaukarsa gurɓata.

Masai ya fi komai ruɗarwa. Baligi mai rai yana fitar da kimanin kilo 2.5 zuwa 4.5 na naitirojin a shekara ta fitsari da bayan gida. Gidan da ke da manya 10 yana zuba aƙalla kilo 25 a masai kowace shekara, alhali kaburbura 10 gaba ɗayansu kilo 18 ne, kuma sau ɗaya tak. Don haka idan rijiyar da ke maƙwabtaka da maƙabarta ta nuna naitiret, ba a ɗora wa maƙabartar laifi sai an duba shaddar da ke kusa da rijiyar.

Hukuncin ƙarshe na ɗakin gwaji ne. Ana auna naitiret, amoniya, kuloraid, sauƙin wucewar lantarki, da ƙwayoyin da ke nuna najasa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda yawansa yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata. Ƙwayar ikolai kuwa bai kamata a sami ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha ba.

9. Inda aka yi irin wannan aiki

A Burazil, Alberto Pacheco na Jami'ar Sao Paulo da ɗalibansa sun yi nazarin ruwan ƙasa a maƙabartu irin su Vila Formosa da Vila Nova Cachoeirinha. A garin Piracicaba, wani bincike da aka wallafa a 2009 ya auna turjiya a maƙabartar Vila Rezende, ya gano yankuna masu ƙarancin turjiya da suka bi gangaren ruwa, ya kuma nuna inda ya dace a haƙa rijiyoyin sa ido. Tun 2003 ƙasar take da doka mai lamba 335 ta majalisar muhallinta, wadda ta wajabta neman lasisin muhalli kafin buɗe maƙabarta, tare da sharaɗin gindin kabari ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da matakin ruwa a ƙarshen damina.

A Nijeriya an yi awon turjiya haɗe da gwajin ruwa a kewayen maƙabartun Birnin Benin na Jihar Edo, inda ƙasa take da yashi mai zurfi kuma ruwan sama yake da yawa. Sassan ilimin ƙasa da na fiziks a jami'o'i, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, suna horar da masu irin wannan awo.

10. Tazarar da ta dace

Rahoton da ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 1998 ya ba da waɗannan shawarwari:

- mita 250 tsakanin kabari da rijiya, burtsatse ko maɓuɓɓugar da ake sha;
- mita 30 daga rafi ko maɓuɓɓugar da ba a sha;
- mita 10 daga magudanar gona;
- aƙalla mita 1 na ƙasa tsakanin gindin kabari da matakin ruwa a lokacin da ya fi hawa.

Lokacin da awo ya fi amfani shi ne kafin a ware fili don sabuwar maƙabarta, domin a zaɓi tudu mai kaurin ƙasa a kauce wa fadama. A tsohuwar maƙabarta kuwa, sakamakon awo shi ke nuna gefen da za a daina haƙa rijiyar sha, da rijiyoyin da za a gina wa baki a rufe, da waɗanda za a bar wa wanki da ban ruwa kawai. Tafasa ruwa da sa masa kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa cire naitiret, don haka rijiyar da naitiret ɗinta ya haura ma'auni sai a sauya ta.

Tambayoyin bita

1. Mene ne matakin ruwan ƙasa, kuma a wane lokaci na shekara ya fi hawa?
2. A lissafa wurare huɗu da ƙasa take gaza tace ruwan ruɓewa.
3. Me ya sa ƙasar da ruwan ruɓewa ya jiƙa take da ƙarancin turjiya?
4. Mamaci mai kilo 60 zai ba da lita nawa na ruwan ruɓewa, a ƙalla da kuma a mafi yawa?
5. An kafa turaku da tazarar mita 10 a tsarin Wenner, aka tura amfiya 0.2, aka karanta bolt 0.4. Nawa ne turjiyar ƙasar?
6. Rijiya tana nisan mita 40 daga maƙabarta, ruwan ƙasa yana tafiyar santimita 50 a rana. Cikin kwana nawa zai isa rijiyar? Ta cika ma'aunin kwana 50?
7. A faɗi amfani ɗaya da rauni ɗaya na na'urar maganaɗisun lantarki, da na rada mai ratsa ƙasa.
8. Waɗanne abubuwa uku ne suke iya ba da hoto irin na harshen gurɓata alhali ba daga maƙabarta suke ba?
9. Me ya sa ake jan layin awo ɗaya a gefen tudu, nesa da kaburbura?
10. Aikin rukuni: a zana taswirar wata unguwa mai maƙabarta, a sa alamar rijiyoyi da masai da juji, sannan a nuna inda ya dace a ja layukan awo da dalilin zaɓen kowane.